Iri Daban, Kyauta Daban

Duk wanda ya bi hanyar Minna zuwa Kuta a cikin hunturu, ko ya ratsa Paiko ranar kasuwa, ya san yadda doya ke cika wuri. Tsibi bayan tsibi a bakin titi, dillalai na ƙirga ta ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya guda ɗari, 'yan dako na ta lodi a manyan motocin da za su nufi Legas da Kano da Sakkwato. Amma akwai doyar da ba ta zuwa kasuwar Gwada, ba ta zuwa Kasuwar Gwari ta cikin Minna. Tana can gona, an jera ta a inuwa, an lulluɓe da ciyawa. Ko nawa baƙo ya taya, amsar manomi ɗaya ce: "Wannan ba na sayarwa ba ne, iri ne."

Doya ba kamar gero ba ce. Da 'yan mudu kaɗan mutum zai shuke gonar gero, don zangarniya guda tana ɗauke da ƙwaya dubbai. Ita doya, abin da ake ci shi ake shukawa, kuma ba ta da auki wajen haihuwa: abin da ka binne bana, ninki kaɗan zai dawo maka baɗi. Shi ya sa manomi kan ware abin da ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na amfanin gonarsa, ya hana kansa, ya hana iyalinsa. Manoman Gbagyi, waɗanda su ne gwanayen wannan sana'a a ƙasar Minna, suna da wata dabara tun kaka da kakanni. A tsakiyar damina sai a tone gefen kunya a hankali, a yanke doyar da ta ƙosa, a bar kanta manne da yaɗo, a mayar da ƙasa. Kafin kaka kan nan ya sake fitar da ƙananan doya, su ne irin baɗi. Wato tun ana dakan sakwarar sabuwar doya a watan Agusta, an riga an fara aikin shekara mai zuwa.

Manomin nan ba marowaci ba ne. Yana aika wa surukansa, yana kai wa masallaci ko coci, maƙwabcin da gonarsa ba ta yi ba ma yana samun rabonsa. Amma bai taɓa haɗa lissafin kyauta da na iri ba. Kyauta daga rarar shekara take fita, in shekara ta yi kyau ta yi yawa, in ba ta yi ba ta ragu. Iri kuwa tun kafin a ci, tun kafin a sayar ake cire shi, ko shekarar ta yi ko ba ta yi ba.

A ganina wannan bambanci ne ya shige wa yawancin kamfanoninmu duhu, a daidai lokacin da maganar ɗorewa ta cika bakin kowa. Tun 2012 Babban Bankin Nijeriya ya shimfiɗa wa bankuna ƙa'idoji tara kan lura da muhalli da al'umma kafin su ba da rance. A watan Nuwamba na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar sauyin yanayi, bayan ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo cewa nan da 2060 Nijeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa. A nan Minna, gwamnatin Umaru Bago ta shirya babban taro kan tattalin arziki mai kare muhalli a watan Oktoba na 2023. To amma tambayi manajan kamfani me suke yi a wannan fage, sai ya jawo maka hotuna: rijiyar burtsatse da aka haƙa wa wani ƙauye, buhunan shinkafar da aka raba da azumi, aji biyu da aka yi wa fenti, itatuwan da aka dasa ranar biki. Duk alheri ne, Allah ya ba da lada, kuma ba na fatan a daina. Sai dai kyauta ce. Tambayar da tsarin ɗorewa ke amsawa daban take: mene ne abin da wannan kasuwanci yake tsaye a kansa, wanda in ya ƙare kasuwancin ya ƙare, kuma me muke yi yau don kada mu cinye shi da hannunmu?

Sanin iri shi ne farkon aiki, kuma kowane kamfani da nasa. Mu fara da manya. Jihar Neja na tinƙaho da madatsun ruwa huɗu masu ba ƙasa wuta: Kainji da aka kammala a 1968, Jebba a tsakiyar shekarun 1980, Shiroro a 1990, sai Zungeru a 2023. In duk injinansu na juyawa, ƙarfinsu ya haura megawat 2,600. Tun 2013 kamfanin Mainstream Energy Solutions ke riƙe da Kainji da Jebba, North South Power kuma ke riƙe da Shiroro. Abin da yake iri ga waɗannan kamfanoni ba inji ba ne, don inji in ya lalace ana sayo wani. Irinsu shi ne ruwan kogin Neja da na Kaduna, da zurfin tafkunan da ke tara shi. Duk dajin da aka sare a saman kogi, duk gonar da aka kai har bakin gaɓa, ruwan sama zai kwashe ƙasarta ya zuba a tafki. Yashi da laka su taru, tafki ya rage ciki. Da rani wuta ta ragu, da damina kuma a tilasta buɗe ƙofofi da wuri, ruwa ya sauka kan gonakin shinkafar mutanen da ke ƙasa. Saboda haka kuɗin da kamfanin wuta zai kashe wajen raya daji a saman kogi ba taimako yake yi wa kowa ba, jarinsa yake karewa.

Haka ma yardar mutanen bakin kogi. Lokacin gina Kainji an tayar da mutum fiye da dubu arba'in, tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin ruwa har yau. An yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa a 2010, hedikwatarta a Minna, amma sai da aka kwashe kusan shekara goma kafin ta kama aiki. Mutanen da suka yi irin wannan jira ba sa manta wanda ya kula da su da wanda ya share su. Sanarwa a kan lokaci kafin a saki ruwa, da Nupanci da Gbagyi da Kambarci da Hausa, ta rediyo da bakin masu unguwanni, ba abin da za a yi in an ga dama ba ne. Tana cikin aikin samar da wuta kamar yadda gyaran inji yake ciki.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne kaɗanya. Neja ce kan gaba a Nijeriya wajen ƙwarar kaɗanya, kuma a watan Agusta na 2025 aka buɗe babbar masana'antar tace man kaɗe a Kudu, cikin ƙaramar hukumar Mokwa. A wannan watan dai gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwara waje na wata shida, tana mai cewa Nijeriya na samar da kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwarar duniya amma rabonta a kuɗin kasuwar bai kai kashi ɗaya ba. Hujjar tana da ƙarfi. Sai dai nan take farashi ya faɗi a kasuwannin ƙauye, kuma waɗanda faɗuwar ta fara duka su ne matan da ke fita da asuba suna tsintar 'ya'yan kaɗanya a cikin raɓa da haɗarin maciji, su dafa, su shanya, su fasa. Masana'antar man kaɗe ba ta da gona. Bishiyar kaɗanya a daji da gonakin mutane take fitowa, takan yi shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ta fara 'ya'ya, kuma itacenta na cikin waɗanda masu gawayi suka fi so saboda ƙarfinsa. Idan matar gida ta ga wahalarta ba ta biya, za ta daina fita. Idan maigida ya ga bishiyar ba ta kawo komai, ranar da mai gawayi ya zo da kuɗi a hannu zai sallama. Buhun gawayi na kwana kaɗan ne, bishiyar kuwa sai jikoki su ga madadinta. Mai masana'antar da ya yi murna don ya sayi ƙwara da arha bana, ya san cewa daga cikin irinsa ya ci. Wanda ya fahimci sana'arsa zai ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin matan, ya tsayar musu da farashin da ba zai sauka ƙasa da shi ba, ya biya a kan lokaci, ya haɗa kai da sarakuna da dagatai a hana sare kaɗanya, ya sa kuɗi a renon sabbi.

Kada mai ƙaramin jari ya ce wannan zancen manya ne. Mai gidan ruwan leda a Maitumbi ko Kpakungu, irinsa ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ne, wanda yake rabawa da rijiyoyin unguwa, kuma ledar da ya sayar ita ce ke toshe lambatun ƙofar gidan masu saye. Mai gidan burodi a Tunga, irinsa itacen da ake kawo masa daga nisan da kullum ƙaruwa yake, tsadarsa ma haka. Mai buga bulo yana rayuwa ne da yashin kogin Chanchaga. Mai injin casar shinkafa a Bida ko Wushishi yana tara ɓuntu tuli-tuli yana banka masa wuta, hayaƙi ya addabi maƙwabta, alhali ɓuntun nan makamashi ne da zai iya turara shinkafa da shi ya huta da sayen itace. Kowannensu in ya zauna da takarda na rabin yini zai gano abu biyu ko uku da sana'arsa ta rataya a kansu. A kan waɗannan zai tsaya. Muradun ci gaba da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 guda goma sha bakwai ne, kuma na sha ganin kamfanin da ya jera tambarinsu duka a rahotonsa. Wanda ya ce zai yi goma sha bakwai, da wuya ya yi ɗaya da kyau.

Sai batun wanda ke riƙe da irin. A gidan manomi ba yaro ake bar wa wannan ba. Maigida da kansa yake zaɓa, ya juya kowace doya ya duba ko tsutsa ta shiga, ya ware mai lafiya, kuma shi ke zagayawa ya cire wadda ta fara ruɓa kafin ta shafi sauran. Dokar 2021 ta ce duk kamfani mai ma'aikata hamsin zuwa sama ya naɗa jami'in da zai kula da sha'anin yanayi, ya riƙa ba da rahoto duk shekara. Abu ne mai kyau, amma in aka ɗauko ƙaramin ma'aikaci daga ofishin hulɗa da jama'a aka laƙaba masa muƙamin, ba kasafi, ba ya shiga taron da ake yanke shawarar sayen inji ko zaɓen dillali, to an cika takarda ne kawai. Dole mai kamfani da hukumar daraktoci su ɗauki abin a kansu, ya shiga kasafin shekara tun farko tare da albashi da kuɗin mai, kuma ladan ƙarshen shekara na manajoji ya dogara da shi kamar yadda ya dogara da ciniki. Ma'aikaci yana lura da abin da maigida ke tambaya duk Litinin, shi yake yi.

Manomi kuma ya san adadi. Ya san kunya nawa ya tayar bara, ƙwarya nawa ya samu, iri nawa yake buƙata in yana son ƙara fili. Ba ya cewa "zan ajiye iri mai yawa." Kamfani ma sai ya fara da ƙirga abin da yake ciki yau: litar dizal nawa a wata, ruwa nawa ake ja, shara nawa ke fita kuma ina take zuwa, ma'aikata nawa suka ji rauni, nawa aka biya manoman da ke kawo kaya kuma bayan kwana nawa. Daga nan ya ce zuwa shekara kaza zan rage kaza da kaza, ya rubuta, ya sa suna a gaban kowane buri. Ƙirgar nan tana da riba tun kafin a je ko'ina. Kuɗin dizal ya ninka fiye da sau biyu a 2022, an cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuma wanda ya san abin da janaretonsa ke sha shi ne zai iya lissafa a wata nawa farantan hasken rana za su mayar da kuɗinsu.

Gaskiya a cikin ƙirga ita ce komai. Manomin da ya cusa ruɓaɓɓiyar doya cikin iri don tsibin ya yi girma a ido, kansa ya cuta, damina za ta tona. A 2015 aka gano kamfanin motoci na Volkswagen na Jamus ya sa wa motoci kusan miliyan 11 wata manhaja da ke ɓoye yawan hayaƙinsu lokacin gwaji. Tara da diyya da gyara sun ci masa fiye da Yuro biliyan 30, ban da zubewar mutunci. Gara kamfani ya fito ya ce mun yi niyyar rage kaza, rabi muka iya, ga dalili, da ya buga rahoto mai sheƙi wanda ma'aikatansa suka san ba haka abin yake ba.

Akwai kuma aikin da ake yi don abin da bai zo ba tukuna. Ana tayar da kunyar doya tun ƙarshen damina da sauran laima a ƙasa, kuma in an binne iri sai a ɗora wa kowace kunya ciyawa a danne da hoge, don zafin bazara da ke tafe kada ya dafa shi. A Neja abin da ke tafe ruwa ne. Ambaliyar 2012 ta raba mutum fiye da miliyan biyu da gidajensu a faɗin ƙasa, ta 2022 ta kashe sama da 600, kuma ranar 29 ga Mayu 2025 ruwa ya afka wa Unguwar Hausawa da Tiffin Maza a garin Mokwa da asuba, ya hallaka fiye da mutum 150. Allah ya jiƙansu. Gonar rake da masana'antar sukari ta Sunti, mallakar Flour Mills, wadda aka buɗe a watan Maris na 2018, tana cikin fadamar kogin Neja, kuma sai da aka kewaye ta da doguwar ganuwar ƙasa saboda ambaliya. Duk mai shirin kafa sito ko masana'anta a jihar nan ya kamata ya tambayi inda ruwa ya kai a waɗannan shekaru kafin ya zuba tubali. In kuma zai tare ruwa, ya tambayi kan wa zai koma.

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta raba kasuwanci da zalunci. A 2015 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara 28 a ƙauyukan ƙaramar hukumar Rafi, shekara biyar kacal bayan irin wannan ta kashe yara sama da 400 a Zamfara. Iyaye ne ke kai duwatsu gida ana dakawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Masu sayen zinariyar sun ci riba, ƙauyukan sun yi jana'iza. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da masu ƙasa kafin ya fara aiki. Wanda ya ɗauki yarjejeniyar a matsayin takardar da hakimi zai sa wa hannu a ba shi goro, ba da daɗewa ba zai ga matasa sun tare masa hanya.

Na san abin da mai kamfani zai ce, don na sha ji: "Malam, bari mu tsira tukuna. Ga tsadar wuta, ga kuɗin ruwan banki, ga Naira ba ta tsaya wuri ɗaya ba." Ban raina wannan magana ba. Manomi ma yunwa kan kai shi ga cin iri, kuma mun ga haka da idonmu a Shiroro da Munya da Rafi, inda 'yan bindiga suka kori mutane daga gonakinsu, wasu suka sayar da irin da suka tsira da shi don ciyar da yara a sansani. Amma tambayi kowane daga cikinsu, zai gaya maka cewa komawa gona ba ita ce mai wuya ba, samun iri ne, don a lokacin shuka tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. Wanda ya rage ko ɗan kaɗan ya fi saurin miƙewa. Tsanani dalili ne na rage girman shiri, a fara da abin da ke mayar da kuɗinsa da wuri, kamar toshe yoyon ruwa da rage ɓarnar mai. Ba dalili ba ne na a ce sai an yi arziki.

Ba kuma ina cewa manomin doya ya gama daidai ba. Doya na son sabuwar ƙasa mai ƙarfi, don haka in fili ya gaji akan matsa gaba a share daji, a sare itatuwa a yi wa yaɗo abin hawa, kuma yawan jama'a ya sa gona ba ta samun hutun da take samu a da. Irin da aka yi ta juyawa shekara da shekaru shi ma yana tara cuta, amfaninsa ya riƙa raguwa. Shi ya sa tun farkon shekarun 1980 masu bincike a Umudike da Ibadan suka fito da hanyar yanka lafiyayyiyar doya ƙanana-ƙanana a reni iri mai tsabta da yawa daga kaɗan. Niyya mai kyau da gado ba su isa ba, sai da sabon ilimi. Kamfanonin Neja na da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, a Bosso da Gidan Kwano, da cibiyar binciken hatsi a Badeggi, cike da malamai da ɗaliban da za su iya auna ruwa da ƙasa da hayaƙi. Kaɗan ne ke ƙwanƙwasa musu ƙofa, kuma wannan asara ce ga ɓangarorin biyu.

Lokaci ma ba ya jira. A watan Yuni na 2023 aka fitar da ma'aunan duniya na rahoton ɗorewa, IFRS S1 da S2, kuma Hukumar Kula da Rahoton Kuɗi ta Nijeriya ta tsara cewa daga 2028 za su zama dole a kan manyan kamfanoni, ƙanana da matsakaita kuma daga 2030. Babban kamfanin da aka tilasta wa ba da lissafi zai juyo ya nemi lissafi daga duk mai kawo masa kaya, banki ma zai nema kafin ya ba da rance. Don haka, Alhaji, Hajiya, kafin ku rufe kasafin shekara mai zuwa, ku zauna da akawunku da shugaban ma'aikatanku da wakilin mutanen da kuke zaune a ƙasarsu. Ku rubuta abu uku da kasuwancinku ba zai rayu ba sai da su, ku auna halin da suke ciki yau, ku ware musu kuɗinsu kafin a raba riba. Shinkafar azumi kuma ku ci gaba da rabawa, amma a shafinta daban.